Ranar da Vitorin Ta Zare Makulli

In kana son sanin kwana nawa kwalbar man zaitun take yi a gidan mutum biyar, kada ka sha wahala, bi layin bayan coci a nan garinmu Sannat, a tsibirin Gozo, ka tambayi Vitorin matar Kelinu direba. Za ta ce maka kwana goma sha tara in ba a yi baƙi ba, kuma ba za ta ɗaga ido sama tana tunani ba. Tukunyar gas mako shida da rani, huɗu da sanyi. Takalmin ɗanta Duminku kuwa, tun da ya shiga shekara goma sha biyu, wata uku ne ƙafar ta fi ƙarfinsa. Ba ta rubuta komai a ko'ina. A kanta abin yake zaune, ya raka ta coci, ya rako ta gida.

Akwai masu ce mata marowaciya. Ƙarya suke yi, kuma in ka duba, yawancinsu 'ya'yansu sun girma sun kama gabansu. 'Yar Lonzu mai sassaƙar dutse ce, a ƙarshen gari ta tashi, inda hanya ke ƙarewa a kan duwatsun bakin teku. Tana da shekara sha shida ta bar makaranta ta shiga kamfanin ɗinkin wando, ta yi shekara takwas tana kafa aljihun baya, har kamfanin ya tattara nasa ya bar Gozo. Ta auri Kelinu, ta haifi uku, Rakel da Duminku da auta Nina. Yanzu tana da arba'in da ɗaya, aikinta share gidajen da ake ba 'yan yawon buɗe ido haya, daga takwas na safe zuwa ɗaya. Tana kwashe zannuwan gadon mutanen da ke kashe albashin mijinta na wata guda a kwana huɗu, kuma ba ta taɓa ɗauke musu ko sabulun da suka bari ba sai mai gidan ya ce ta ɗauka.

Kelinu motar dutse yake ja, yana kawo yuro dubu ɗaya da ɗari huɗu a wata. Kafin kuɗin su huce daga ɗumin aljihunsa mai gidan haya ya karɓe ɗari bakwai. Nata ba su da tabbas, da rani su kai ɗari shida, da sanyi in ta ga ɗari biyu ta gode Allah. Ɗan abin da gwamnati ke bayarwa na yara kuwa, takardar wuta da ruwa na tsaye bakin ƙofa tana jiransa. Ga mai a mota, ga ruwan sha na gora tunda na famfo gishiri-gishiri ne, ga lesin lissafi na Rakel, yuro sha biyar kowane zama, don yarinyar ta kafe sai ta zama nas. Masu karɓar gudummawar bikin waliyyin gari su ma ba su san mantuwa ba. Abinci kam ba sai an faɗa ba, abin da ya haye teku sau biyu kafin ya iso gare mu ai ba zai iso da arha ba.

Abin da ke rufe mata watan shi ne ambulan ɗin mahaifinta. Ran ɗaya ga kowane wata tsoho Lonzu zai zo ya tura shi ƙarƙashin kwanon lemo, yuro ɗari biyu da hamsin, kuɗin hayar wani gareji da marigayiya uwar Vitorin ta gada a can garin Nadur. Kafin ta rasu ta ce hayar ta jikokinta ce, kuma shekara uku ke nan tsohon bai makara ko da yini ɗaya ba. Ban da wannan, Lahadi kaɗai yake zuwa cin abinci, ya tsakuri kaɗan, ya ce gishiri ya yi yawa, ya shafa ciki ya ce shi ya ƙoshi tun gida. Da ambulan ɗin nan watan yake kaiwa ƙarshe, da ƙyar da jiɓin goshi. Burin Vitorin a duniya ke nan, ran talatin ta zo ta same ta ba ta roƙi kowa ba.

To, bayan bikin Ista abin ya fara. Kwalbar mai ta ƙare a kwana goma sha shida. Vitorin ta juya ta, ta karanta jikinta, don ta san halin masu kamfani, su rage kwalba su bar farashi inda yake. Lita ɗaya ce cif. Ta zargi kanta, ta ce ko hannunta ne ya yi nauyi. Sai ga ƙwai, kiret ɗin da ke kaiwa Asabar ya tsaya a Alhamis. Sai 'yan dunƙulen cukun tumakin nan da take saya shida-shida, ta bar shida da safe, ta dawo ta tarar da biyar.

Ranar ta bari sai da kowa ya ɗauki cokali.

"Wa ya ci cuku?"

Duminku ya ɗaga hannu biyu sama, bakinsa cike da taliya. "Mama, don Allah! Ko kyanwar maƙwabta ce ta ɓata ni za a fara tambaya."

"Ai kai ne ba ka taɓa wuce firji ba ka gaishe shi ba," in ji Rakel.

"Ke kuma fa, likitar gobe?"

Kelinu ya yi dariya har ya ƙware. "Haba Vitor, yara uku gare ki, ba tsuntsaye ba. Sun girma, cikinsu ya girma."

"Cikin nasu yana makaranta daga takwas zuwa biyu. Ko shi ne yake gudowa gida shi kaɗai ya ci ya koma?" Ta juyo ta kafe shi da ido. "Kai fa? Kana biyowa gida da rana?"

"Da motar dutse? A wannan siririn layin? Ai da kin ji a rediyo."

Ba ta yi dariya ba. Kwana uku tana shinshinar maganarsa, har ta tsinci kanta tana leƙa kwandon abincin da take haɗa masa, ko yana dawowa da saura, ko akwai wata da yake ba nasa ya zo ya ci na yara. Allah ya sani Kelinu bai da wannan wayon, mutumin da in ya saya mata kyautar ranar haihuwa sai ya gaya mata tun ana saura mako. Ta wanke shi, amma zuciyarta ba ta kwanta ba.

Sai ta fara ɗana tarko. Ta ɗiga jan farce a jikin kwalbar mai daidai inda man ya tsaya. Ta sa wa kowane ƙwai ɗigon fensir a gindi. Burodi ta auna shi da yatsu kafin ta fita. Kullum ta dawo sai ta tarar man ya sauka ƙasan ɗigon da faɗin farce, burodi ya ragu da yatsu uku, an yanke shi a karkace, ba irin yankan wuƙar kicin ɗinta ba. Yau ƙwai ɗaya, gobe cuku ɗaya, jibi tumatir biyu. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne tsabtar ɓarawon. Faranti a wanke, a kife inda yake. Ko ɓurɓushi babu a kan tebur. Nama ba a taɓa shi, yogot ɗin yara ba a taɓa shi, cakulan Nina da ke saman firji tana nan yadda take. Vitorin ta ce lallai wannan gwani ne, ya san abin da in ya ɓace za a yi ihu, ya san abin da za a ce ƙila mantuwa ce. Kuma duk wanda ya san wannan, ya san gidan.

Shiga gidan kuwa ba wani aiki ba ne, tunda makulli yana jikin ƙofa ta waje, kamar na kowa a layin. Haka muka tashi muka gani. Mai burodi ya murɗa ya ajiye a kan kujera. Mai gas ya shiga ya ɗauki kuɗinsa ƙarƙashin tsohuwar tukunya ya bar sabuwa. In hadari ya taso kana wurin aiki, maƙwabciya ta hau rufin ɗakinka ta kwashe maka shanya. Baƙi ne ke kulle ƙofa, su da masu sababbin benayen bakin ruwa.

Maƙwabciyar da ke kwashe wa Vitorin shanya ita ce Inna Sunta, tsohuwar da ƙofarta ke kallon tasu. Ita ta riƙe Rakel ranar baftisma. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kullum tana bakin ƙofa kan 'yar kujera tana saƙar leshi, sandunan saƙar na ƙas-ƙas-ƙas tun safe. Kowa ya ji ɗanta da ke Ostareliya ya daina aiko mata da komai tun Kirsimeti. Vitorin ta tuna wata rana Sunta ta ɗaga kwalbar man nan a kicin ɗinta ta ce, "Kai, mai kyau kike saya." A lokacin magana ce kawai. Yanzu ta dawo mata da wani irin nauyi, ta hana ta sakat.

Ran wata Juma'a da ta dawo aiki, ta tsallaka layi.

"Inna Sunta, sannu da aiki."

"Yauwa 'yar nan, an dawo? Baƙin naki sun ji tausayinki yau, ko sun bar miki teku a banɗaki?"

"Kina nan zaune tun safe?"

"Da wannan gwiwar ina zan je, rawa?"

"Ba ki ga kowa ya shiga wurina ba?"

Sandunan suka tsaya. Ɗan tsayawa ne ƙanƙani, sannan suka ci gaba, amma Vitorin ta gani.

"Me ya ɓata?" in ji Sunta, ba ta ɗago ba.

"Ban ce wani abu ya ɓata ba."

"To tambayar ta mece ce? Ni ba mai gadi ba ce, 'yar nan. Idona yana kan zarena."

Tirƙashi! Sunta ce yau idonta ke kan zare? Matar da ta san wace yarinya ce ta dawo a motar wa, ta san wanda ya sayi sabon firji tun kafin a sauke shi? Vitorin ta koma gida zuciyarta na tafasa. Baƙin ciki biyu ne ya haɗu mata, na abincin 'ya'yanta, da na cewa matar da take kira Inna ce ke yi mata haka.

Da ta gaya wa Kelinu abin da za ta yi, sai ya ajiye takalmin da yake cirewa.

"Ki zare? Kin san abin da kike faɗa kuwa? Tun kafin mu kama gidan nan makullin yake jiki. In kin zare shi, kin tsaya tsakiyar layi ke nan kin ce duk ɓarayi ne."

"Ni ban ce ba."

"Ƙofar za ta faɗa miki. Kuma a kan me? Ƙwai?"

"Yuro arba'in a wata, Kel. Kusan zama uku na lesin Rakel. Kai za ka gaya mata ta zauna a gida don kada ran layi ya ɓaci? In za ka iya, ga ta can a ɗaki."

Bai je ba. Ya ɗauki takalminsa ya yi bayan gida yana ƙunƙuni.

Litinin da safe ta kama makullin. Ya ƙi fitowa, don ya yi shekaru bai bar raminsa ba, sai da ta ɗiga masa mai ta girgiza. Ta kulle, ta jefa shi a jaka, ta bi layi kanta a sama. Ba ta kalli ƙofar Sunta ba, amma ta ji sandunan sun yi shiru har ta sha kwana.

Kafin azahar labari ya gama gari. Mai burodi ya rataye mata leda a hannun ƙofa kamar gidan 'yan haya na mako guda. Washegari ta tarar da rariyarta, da farantinta na gasa abinci, da wata tsohuwar kujerar roba da ita kanta ta manta tata ce, an jera su a bakin ƙofa tsaf, Sunta ta dawo da duk abin da ta taɓa ara. A kanti, mai kantin ya hango ta ya ce, "A ba da hanya, ga manajan banki!" Aka kwashe da dariya, wasu kuma suka juya baya suna duba gwangwanin da ba za su saya ba. Matan da suke tsayawa hira da ita bayan addu'ar safe suka koma gaisuwar kai. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta ɓoye wa kanta ba. Sau biyu ta yi kuka a gidan baƙi tana goge madubi.

Amma fa ɓatan ya tsaya cak. Man yana kan ɗigonsa. Ƙwai ya kai Asabar, har da saura biyu. Ta ɗora su a tafin hannu ta kai wa Kelinu har gaban talabijin.

"Ka gani? Ko har yanzu cikin yara ne?"

"Na gani," in ji shi. "Allah ya sa su ishe mu hira, tunda ba mai yi mana magana."

Lahadin nan Lonzu bai zo ba. Ya kira wayar Rakel ya ce bayansa ne ya riƙe. Vitorin ta ce ai ta sani, 'yan gulma sun kai masa, kunya yake ji a ce 'yarsa ta zare makulli. Ranta ya ƙara ɓaci, wato shi ma bayan Sunta zai bi. Ta ce za ta leƙa shi Litinin, Litinin ta zo da gidaje uku a jere, ba ta je ba.

Sai Larabar mako na biyu. Baƙin gidan da za ta share suka ƙara kwana, aka ce ta huta. Tana shirin buɗe tagogi sai wata dabara ta faɗo mata. Shaida take da ita, amma ba ta gani da idonta ba, kuma tana son ranar da aka tada maganar ta ce na gani. Ta bar Kelinu ya kulle ƙofa ta waje da nasa makullin lokacin da ya fita da yara, ta hau sama, ta jawo kujera bayan tagar katako mai tsaga-tsaga, inda kana ganin layi ba a ganinka. Ƙila Sunta ta tsallako ta gwada hannun ƙofa. Ƙila ma tana da wani makullin.

Tara ta wuce, goma ta wuce. Sunta na saƙa. Mai kifi ya zo ya yi hon ya tafi. Vitorin har ta fara jin kunyar kanta, babbar mace ta laɓe a gidanta kamar mai bin bashi.

Goma da rabi sai ga mahaifinta ya shawo kwana. Farar riga a goge, hula a karkace, yana bin inuwar bango, bayansa kuwa lafiya lau. Ta ɗauka sulhu ya zo yi, har ta yunƙura za ta sauka. Sai ta ga bai nufi ƙofar kai tsaye ba. Ya rage tafiya, ya saci kallon ramin makullin ta gefen ido, hannunsa na dama ya ɗan taso daga jikinsa, ya koma. Ya shafa shi a wando. Ya duba sama da ƙasan layi, ya ci gaba da tafiya kamar mai wucewa.

"Lonzu!" Sunta ce. "Zo ka taimake ni. Harshena ya mutu, ɗanɗana min wannan ka ji ko gishiri ya ji."

"Na ci abinci, Sunta. Yanzun nan na tashi daga tebur."

"Wa ya ce ka ci? Ɗanɗanawa na ce, tsohon banza. Jiya ma ai kai ka cece ni."

Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ɗauko kwano a rufe da tsumma, da alama tun safe yake nan a ajiye. Tsohon ya zauna a dokin ƙofarta, ya ba layi baya. Ya zaro 'yar wuƙarsa ta aljihu, ya dafe burodi a ƙirji, ya yanko shi zuwa jikinsa, a karkace. Yana ci da sauri, kafaɗunsa na motsi, yana tare ɓurɓushi da tafin hannu yana mayarwa baki.

Vitorin ta san yankan nan. Da shi aka yanka mata burodi tun ba ta kai tebur tsawo ba. Mako shida tana kallonsa a kicin ɗinta, ta auna shi da yatsu, ta zargi miji, ta zargi ɗa, ta zargi maƙwabciya, bai taɓa zo mata a rai ba. Ta toshe bakinta da hannu don kada a ji ta daga layi.

Sai da ya gama, ya ce gishiri ya ɗan yi yawa, ya nufi bencin tsofaffi na gaban coci, sannan ta sauko. Tana buɗe ƙofa suka haɗa ido da Sunta.

"Ashe kina ciki," in ji tsohuwar.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun bayan Ista. Kullum war haka." Ta ja zarenta. "Uba ya shiga gidan 'yarsa, me zan ce na gani? Sauran ki je ki tambaye shi, ba ni ba."

Vitorin ta so ta ba ta haƙuri, amma ta juya ta kama hanya. Ta bi ta bayan layi don kada ta wuce gaban coci, ta gangara ƙarshen gari, inda tsohon ke hayar ɗaki biyu tun da aka rushe gidan da suka tashi. Makullinsa na jiki. Ta murɗa ta shiga. Rabonta da wuce falon nan tun sanyi, don kullum shi ke zuwa, kullum ita tana sauri.

Ko'ina fes. A kicin firji yana buɗe, an tokare ƙofarsa da tsumma, an zare wayarsa daga bango. Ba komai a ciki sai ƙamshin sabulu. Ta taɓa tukunyar gas, ta ɗaga ta da yatsu biyu. A kan kantar kicin akwai rabin fakitin biskit mara sukari, da kwalayen maganinsa a jere, da jakar shayi guda biyu da aka shanya a faranti don a sake amfani da su. Abu ɗaya ne ke cin wuta a gidan, 'yar jar fitilar da ke gaban hoton mahaifiyarta. Ta sunkuya ta jona firjin, ya yi gurnani ya tashi.

Tana tsaye a wurin ya shigo. Ya dube ta, ya dubi firjin, ya cire hula ya rataye a ƙusa a hankali.

"Wa ya ce ki buɗe min kaya?"

"A buɗe na same shi, Baba."

"Ya lalace ne."

"Ga shi yana aiki."

Ya ja kujera ya zauna. Bai ce ta zauna ba.

"Na gan ka a ƙofar Inna Sunta," ta ce. "Ina sama. Baba, ina kuɗin garejin suke fitowa?"

Ya dubi hannuwansa, manyan hannuwan nan da dutse ya cinye wa zanen yatsu.

"Babu gareji. An sayar."

"Yaushe?"

"Lokacin jinyar uwarki. Kin ɗauka matar da ta yi wata bakwai tana kwana da ita don Allah take yi? Ga likitan da muka riƙa haye teku muna gani, ga kabari. Abin da ya rage na riƙa ba ki kaɗan-kaɗan, yadda ta ce. A watan Maris ya ƙare." Ya ɗaga kafaɗa. "Sai fansho. Kin san fanshon wanda aka yi shekara talatin ana biya a hannu, ba a rubuce ba. A cire haya, a cire magani, a cire ambulan."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"In faɗa ki yi yaya? Ki cire yarinya daga lesin? Ai na san yadda watanki yake, ba a taɓa shi ta ko'ina bai zube ba."

"To ka zo ka ci a fili mana! Gidanka ne! Ka sa na tozarta tsohuwar mutane, na zama abin dariya a kanti, na—" Kuka ya ƙwace mata. "Kwana tara, Baba. Kwana tara kana zuwa kana duba ƙofata."

"In zauna gaban mijinki kullum ina miƙa faranti? Ni Lonzu?" Ya girgiza kai. "Cewa na yi gidan 'yata ne, ɗan burodi da mai, wa zai lura. Na manta wadda na haifa."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba, har da ɗan murmushi, kuma ita ce ta fi yi mata zafi. Firjin na ta gurnani a tsakaninsu.

"Nawa na ci miki?" ya ce.

"Ban ƙirga ba."

"Vitor."

Ta sunkuyar da kai. Ta so a ce ba ta sani ba, ta so da gaske.

"Arba'in da biyu. A watan jiya."

Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka gaya wa farashin dutse. "Ashe ba ni da tsada."

Ta durƙusa gabansa ta kama gwiwarsa, bai ture ta ba, bai kuma dafa ta ba.

"Ɗaya ga wata Asabar ce," ya ce. "Zan kawo ambulan kamar kullum."

Ta buɗe baki za ta ce kada ya kuskura. Wallahi ta buɗe. Amma lissafin nan da ke zaune a kanta ya riga ta. Ɗari biyu da hamsin in babu su, jarrabawar Rakel saura mako biyar, takardar wuta na tafe ran goma, takalmin Duminku ya riga ya buɗe baki, baƙi ba za su cika gidaje ba sai Yuli. Ta juya shi ta nan, ta juya shi ta can, bai rufu ba. Tsohon yana kallon fuskarta, ya ga lokacin da ta fara, ya ga lokacin da ta gama. Shirun ya yi tsawo har ya zama amsa, kuma su biyun sun san haka. Ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Ka zo gobe da rana," ta ce da ƙyar. "Ɗaya da rabi, ina gida. Gobe da jibi da kullum. Yanzun nan zan je in mayar da makullin."

"Bar shi a jakarki, layi ya riga ya gani." Ya miƙe yana dafa tebur. "Zan zo. Zan ƙwanƙwasa."

"Baba, ba ka taɓa ƙwanƙwasa ƙofata ba."

"Zan koya."

Ya ratse ta gefenta, ya sunkuya da ƙyar ya zare wayar firjin daga bango, ya mayar da tsumman ya tokare ƙofar. Ya ce ta tashi ta tafi, lokacin tashin Nina daga makaranta ya kusa.